Yadda Ake Yi wa Akori-kura Durowar Katako

Duk wanda ya taɓa zuba kayan aikinsa a bayan akori-kura ya san abin da ke biyo baya. Ka fito gida da safe komai a jere, kafin ka isa inda za ka, sifana ta shige ƙarƙashin safaya, kwalin noti ya fashe, igiya ta cukurkuɗe da waya, jar ƙura kuma ta lulluɓe su baki ɗaya. Wani mai haɗa wutar sola da na sani ya daɗe yana wannan fama a bayan Hilux ɗinsa, har ranar da ya kai motar wurin wani kafinta kusa da kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano. Rakiya na yi masa, amma sai da na kwana uku ina komawa rumfar kafintan, don abin da na gani ya riƙe ni.

Buƙatar mai motar a baki ba ta da yawa. Dogayen durowoyi biyu yake so a kwance a ƙasan bodi, a rufe su da dandamalin katako mai ƙarfin da za a ɗora batura da faifan sola a kai. Sai dai durowar ɗaki tana zaune wuri ɗaya har ta tsufa, ita kuwa wannan kullum cikin girgiza za ta rayu, tana shan ramuka da birki da rana da ruwan sama. Duk abin da kafintan ya yi a kwana ukun nan, da wannan girgizar a ransa ya yi shi.

Ranar farko bai taɓa zarto ba sai bayan la'asar. Ya hau bayan motar da tef a hannu, fensir a kunne, ya tsuguna. Daga nesa bodin mota kamar akwati ne mai kusurwa huɗu daidai, amma da ka sa ma'auni za ka ga bangayen sun ɗan karkata, kusurwoyin a lanƙwashe suke, ƙasan kuma layi-layi ne na tudu da kwari. Ga ƙusumbi biyu a dama da hagu, inda tayoyin baya suke fakewa. A irin wannan mota mai ƙofa huɗu tsawon bodin kusan mita ɗaya da rabi ne, tsakanin ƙusumbin biyu kuwa mita ɗaya da 'yan kai, kuma a wannan tsakanin ne durowoyin za su zauna. Ya auna tsawon sau biyu, na biyun da ƙyauren baya a rufe, saboda cikin ƙyauren yana ɗan shigowa ya cinye wuri. Inda tef ba ya iya faɗin gaskiya, wato wajen lanƙwasa, ya manna tsohon kwali a jikin ƙarfen, yana datsewa da almakashi kaɗan-kaɗan har kwalin ya kwanta luf. Wannan kwalin ne zai ɗora a kan katako ya zana.

Sannan ya yi wani abu da ban taɓa kawowa a raina ba. Ya sauke ƙyauren baya, ya ɗauko miƙaƙƙen falanki ya shimfiɗa shi daga ƙasan bodin zuwa kan ƙyauren, ya duƙa yana leƙen ƙarƙashinsa. Ashe idan an buɗe ƙyauren, fuskarsa takan ɗan ɗara ƙasan bodin tudu. Wanda bai lura da wannan ba zai gama aikinsa tsaf, ya jawo durowa, ta fito taƙi ɗaya ta cije. Ya rubuta tazarar a jikin bangon rumfa, ya ce da wannan za a ɗaga gindin durowoyin.

Katakon da ya zaɓa filawud ne, wanda ake sayarwa falle-falle, ƙafa 4 a faɗi, ƙafa 8 a tsawo, mai kaurin milimita 18. Filawud siraran yankan itace ne da aka jera aka manne da gam, kowane sashe jijiyarsa ta gitta ta wanda ke ƙarƙashinsa, kuma yawan sassan mara ne, ba cika ba, don fuskokin biyu su ja daidai. Amfanin wannan gittawar a ƙasarmu babba ne. Falankin itace zalla yana tsukewa da hunturu, ya kumbura da damina, har ya murɗe ko ya tsage. Filawud kuwa sassansa suna riƙe juna, motsinsa kaɗan ne. A kasuwa na ga ya ɗaga kowane falle ya kanne ido ɗaya yana bin gefensa da kallo, ya mayar da biyu saboda sun gantsare, ya mayar da ɗaya saboda akwai kogo a tsakanin sassansa. Ya ƙara da 'yan sandunan maɗaci, jan itacen nan mai tauri, don hanyar da durowa za ta bi.

Kafin yanka ya zana dukkan gutsattsarin a kan fallen, yana juya su yana sake juyawa don kada a yi asarar katako. Tsakanin kowane zane da na kusa da shi ya bar kamar milimita 3, abin da haƙoran zarto ke cinyewa ya zama gari. Yana kuma yanka ta wajen layi, ya bar zanen fensirin a jikin abin da zai yi amfani da shi.

Gangar jikin ba ta da wuyar fahimta: shimfiɗa a ƙasa, bango a dama, bango a hagu, ɗaya a tsakiya, ɗaya a can ƙurya wajen kan mota. Na tsakiyan nan shi ne ginshiƙi, shi ke hana dandamali lotsawa idan an ɗora nauyi. Ƙusa ko ɗaya bai buga ba. Ya ce ƙusa santsi gare ta, girgiza tana zare ta sannu a hankali har wata rana ka ga kanta ya leƙo. Gam yake shafawa a mahaɗa, ya matse, sannan ya ɗaure da sukuru mai zare. Kowane sukuru sai ya fara huda masa siririn rami, domin idan aka tura shi da ƙarfi a gefen filawud, sassan sukan buɗe kamar shafukan littafi. Tun gam bai bushe ba ya ja tef daga kusurwa zuwa kusurwar da ke can ɗaya ɓangaren, ya sake ja ta ɗaya hannun. Idan awon biyu ya zo ɗaya, akwatin ya tsaya daidai. Na farko ya saɓa da kusan rabin santimita, ya sa gwiwa ya ɗan tura kusurwa ɗaya, ya sake aunawa, sai da suka haɗu sannan ya ƙyale shi.

A kan durowoyin kansu ne ya fi daɗewa, kuma nan ne na fi jin daɗin kallo. Gindin durowa ba a liƙa shi daga ƙasa, don nauyin kaya zai ɓalle shi. Kwarmi ya fafe a jikin bangayen huɗu, gindin ya shiga ciki ya zauna, yadda nauyin zai sauka a kan katako maimakon kan sukuru. A ƙarƙashi ya jera ƙananan boris, irin ƙwallayen ƙarfen nan da ke sa abu ya gara, suna hawa kan sandunan maɗacin da ya goge sumul ya murza musu kyandir. Durowa mai tsawon fiye da mita, cike da ƙarfe, ba ta jawuwa da hannu ɗaya sai da irin wannan dabara. A can bayanta ya kafa ɗan guntun katako mai tokarewa, don kada wani ya ja da ƙarfi ta zubo masa a ƙafa.

Yaron shagon, wanda bai wuce shekara goma sha biyar ba, ya zura ta farko ta shige cif. Ya ce, “Maigida, ai ta zauna.”

Kafintan ya zura ɗan yatsa a gefe bai sami wuri ba. Ya ce, “Ta zauna yau da iska ta bushe. Bari Agusta ta zo ka ga ko za ta fito. Ciro ta, ɗana.”

Aka ciro ta, ya rage faɗinta har ta sami 'yar tazara a kowane gefe. Idan tazarar ta yi kaɗan, laima ta kama durowa. Idan ta yi yawa, ta dinga ƙwanƙwasa a hanya har mahaɗai su saki. Sanin abin da ke tsakanin biyun nan a yatsunsa yake, shekaru ne suka zuba shi a wurin.

A tsallaken titi akwai benci da wasu samari ke zama tun hantsi. Rana ta biyu ɗaya daga cikinsu ya leƙo, ya ce shi bai ga abin ɓata kwana uku a kan akwati ba. Babu wanda ya tanka masa. Ya koma bencinsa, yaron shagon kuma ya ci gaba da wasa bakin cizal a kan dutse, yana gwada kaifin a farcensa kamar yadda aka koya masa.

Guraben da suka rage a gaba da bayan ƙusumbin tayoyi ma ba a bar su banza ba, an yi musu murfi, suka zama ma'ajiyar jak da igiya. Daga nan sai goge-goge da sanfefa da shafa banish. Fuskar katakon ya shafa sau biyu, gefunan da aka yanka kuwa sau uku, don ta nan ruwa ke samun ƙofa ya kumbura filawud. Ya yanko tsohon tib na taya ya manna a bakin kowace durowa saboda ƙura.

Wajen ɗaurewa mai motar ya ba da shawarar a huda ƙasan bodin a sa noti. Kafintan ya ce, “Alhaji, duk ramin da na huda a ƙarfen nan gidan tsatsa ne.” Ƙugiyoyin da motar ta zo da su ya yi amfani da su, ya haɗa su da kusurwoyin akwatin da ƙarfe mai zare biyu, wanda ake murɗawa ya ɗame. Ya kuma tunatar da shi cewa fallen filawud ɗaya yana kai kilo 30 ko kusa da haka, don haka akwatin kansa kaya ne, a cire nauyinsa daga abin da aka saba lodawa, kuma kaya masu nauyi su zauna can gaba kusa da kan mota.

Bayan mako biyu mai motar ya dawo daga aiki a wani ƙauye da hanyarsa babu kwalta. A gabana ya sauke ƙyauren baya, ya sa yatsu biyu ya jawo durowar dama. Ta fito ba ƙara, sifanu suna nan a jere yadda ya bar su, kuma babu ƙura a kansu.