Jinjina ga Masu Ɗinkin Aska Takwas

A shekarar 1957 Pablo Picasso ya duƙufa kan zanen Las Meninas da Velázquez ya yi a 1656, ya fitar da zane 58 a jerin, duniya kuma ta yi masa tafi. Masu ɗinkin babbar riga a ƙasar Hausa sun daɗe suna irin wannan aiki na sabunta zanen da aka gada, kuma sun cancanci yabon da ba a cika yi musu ba. Duk wanda ya dubi rigunan dattawa ranar Sallah a Dogon Dutsi, Matankari ko Tibiri zai ga aska takwas iri-iri. Mai zane ne ke fara shata ta da tawada a kan aljihun hagu, askakin su miƙe kamar tsinin wuƙa, tambari ya kewaya a gefe, sannan maɗinki ya bi da allura da zaren tsamiya ko alharini, wani lokaci har watanni.

Wasu za su ce kwaikwayo ne kawai, tunda fasalin gado ne. Amma a jera riga biyu a gani: wannan ya matse askaki ya buɗe tambari, wancan ya cika fili da ɗinki har yadin ya yi nauyi, kuma idon masani na gane hannun kowannensu. Gaskiya ne ɗinkin keke ya fi araha da sauri, talaka ma ya samu sawa. Sai dai keken na bin abin da hannu ya riga ya ƙaga ne, kuma matasan da ke zama koyo gun tsofaffin maɗinka su ne za su iya ƙara masa sabon salo.