Abin da alƙaluman jarrabawa ba su faɗa ba a Kurfai

Kowace shekara ana fitar da sakamakon BEPC gunduma gunduma, a ce kashi kaza cikin ɗari sun ci a Filinge. Muna ganin wannan lissafi bai isa ya gyara koyarwa ba.

Da farko, a 2011 an cire Abala da Ballayara daga Filinge, suka zama gundumomi. Wanda ya gwama alƙaluman kafin da bayan wannan shekara ya gwama ƙasashe biyu ne daban.

Babbar matsalar dai ta harshe ce. A aji guda akwai ɗan Kurfai mai Hausa, da Bazabarme, da mai Tamajak. Bahaushe ya san jinsi: rana mace ce, wata namiji, amma a Faransanci akasin haka ne. Zabarmanci kuwa ba shi da jinsin nahawu sam. Yara biyu sun ɓata « le » da « la », maki ɗaya aka cire musu, alhali cutar ba ɗaya ba ce, balle magani.

Wannan bayani yana cikin takardun da aka gyara. Su ya kamata a mayar wa malamin aji, a rarraba kurakuran bisa harshen gidan yaro.