Kan Jama'a: dodon gona da ya koma gidan tarihi

A 1943 aka kai wa wani Bature mai suna Bernard Fagg wani kan mutum na gasasshen yumɓu a Jos. A ramin kuza aka tono shi cikin ƙasar Jama'a, wani ma'aikaci ya ɗauke shi ya kafa a gonar doya don ya riƙa korar ɓarna. Da Fagg ya duba sai ya ga ya yi kama da wani ɗan kan biri da aka tono a 1928 kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba. Daga nan ya laƙaba wa masu wannan aiki sunan Nok. Har yau littattafan duniya da sunan masarautarmu suke kiran wancan kai, amma a unguwar nan kaɗan ne cikinmu suka taɓa ganin ko hotonsa. In an ambata sai mu ce ai gumaka ne, mu wuce.

To, bari mu dube shi a matsayin aikin hannu. Goshi mai faɗi, gashi an ɗaure shi tukku-tukku, idanu masu kusurwa uku, an huda ƙwayar ido da hanci da baki. Hudar nan ta yi aiki biyu: ta ba zafi hanyar fita lokacin gashi don kada yumɓun ya fashe, ta kuma sa fuskar kamar tana kallonka. Duk wadda ta taɓa gina tukunya ta san wahalar gasa abu mai rami a ciki ba tare da ya tsage ba.

Sai dai a ganinmu ba a fuskokin mutane gwanintar ta fi fita ba. Idon nan kusan iri ɗaya ne daga wannan kai zuwa wancan, kamar almajirai masu bin hannun malami guda, har in ka ga goma a jere sai ka fara ƙosawa. Inda maginin ya saki hannu shi ne wajen dabbobi, irin su biri da giwa da maciji, da wajen masu lalura. Akwai siffar mai tundurmi, akwai wadda gefen fuskarta ya shanye. Wanda ya tsaya ya gina shanyayyen baki ya daɗe yana kallon mai shi, yana tambayar kansa me ya bambanta wannan gefe da wancan.

Wannan tambaya ita ce tushen ilimin sauyawar halittu. Mun san da an ce Darwin sai wasu su ɗaure fuska, kuma batun asalin ɗan Adam muna da malamanmu, ba nan ne wurinsa ba. Amma littafin da ya fitar a Ingila a 1859, da dabbobin gida ya buɗe shi, musamman tantabaru, waɗanda shi da kansa ya kiwata. Ya lura da yadda mai kiwo ke zaɓen wadda zai haɗa da wadda, har bayan zuriya da yawa a sami launi ko baki ko jela dabam. Yaran da ke da akurkin tantabaru a bayan gidajenmu ai abin da suke yi ke nan. Kuma shekara dubu kafin Darwin, Al-Jahiz na Basra ya cika Kitabul Hayawan da irin wannan sa ido kan yadda dabbobi ke cin juna da kare kansu.

Inda abin ya fi daɗi shi ne a ramin da siffofin ke fitowa ake samun shaidar sauyin. Tun 2005 masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt, ƙarƙashin Peter Breunig, suka yi ta tono a wajen Janjala, ƙaramar hukumar Kagarko. Sun sami ƙonannen gero da wake. Geron daji yana zubar da 'ya'yansa da ya nuna. Namu na gona yana riƙe su a zangarniya sai mun yanka, don manoman farko sun yi ta ajiye irin da bai zube ba. A 2021 kuma aka bayyana cewa an gano ragowar kakin zuma a jikin tsingaron tukwanensu, na kimanin shekara 3,500. Wato gero da wake da zuma, abin da za ka tarar yau a kasuwar Kafanchan.

Sunan Nok dai na ƙauye ne, ba na ƙabila ba. Mutanen da suka gasa waɗannan siffofi sun riga duk sunayen da muke kiran juna da su a garin nan in rai ya ɓaci.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne tonon sata. Siffar da aka fizge daga ƙasa aka cusa a buhu ta rabu da gawayin da za a auna shekarunta da shi, ta rabu da geron da ke gefenta. A 2000 sai da aka sa siffofin Nok a jan jerin kayan tarihin Afirka da aka hana saye, a shekarar kuma aka yi ta cece-ku-ce kan wasu da aka baje a Louvre ta Faransa. Mai tonon yana ƙauye, mai sayen yana Turai, amma akwai dillali a tsakani, kuma kada mu yaudari kanmu cewa babu ɗan kasuwa mai jin Hausa a cikin dillalan. Wanda zai ce maka gunki ne in ka nemi ya je gidan tarihi na Jos ya gani, wani lokaci shi ne ya san farashinsa da dala.