Auren Fata da Ice a Hannun Mai Haɗa Kalangu

Duk wanda ya taɓa zuwa biki a Zadawa ko Azare a tsakiyar damina, da wuya bai ga makaɗi ya koma gefe yana gasa bakin kalangunsa a wuta ba, yana ɗan ƙwanƙwasawa da yatsa yana kasa kunne. Fatar ce ta sha danshi ta saki, murya ta dushe. Da zafi ya kore danshin, sai ta sake ɗamewa, kiɗa ya dawo garau.

Ni dai wanda ya fi burge ni shi ne mutumin da ya haɗa kalangun tun farko, don shi ya ɗaura auren abubuwa biyu da halinsu bai zo ɗaya ba. Kangon, wanda akan sassaƙa da icen alilliba, mai haƙuri ne, ba ya cika motsi. Fatar ɗan akuya kuwa ba ta da zama. Zarurrukan da ke cikinta in sun sha ruwa sai su yi laushi su miƙe, in sun bushe su tsuke.

Da wannan halin nata yake cin moriyarta. Sai ya jiƙa ta ta yi laƙwas kafin ya ɗinke ta a zobe, ya rufe bakunan kangon biyu, ya bi da tsarkiya daga wannan baki zuwa wancan. A nan gwanintar take: ba ya ja har iyaka. Yakan bar wa bushewa nata rabon aikin. In ya ɗame da yawa a lokacin ruwa, hunturun ƙasar Katagum, wanda ke tsaga leɓe da diddige, zai fasa fatar. In ya sassauta da yawa, kalangu ya zama kurma. Ba shi da ma'auni sai babban yatsa da kunne, kuma yana ɗauri a watan Agusta yana lissafin Janairu.

Sauran aikin na makaɗi ne. Ya matse tsarkiya a hammata murya ta hau, ya saki ta sauka, har kalangu ya kama hawa da saukar maganar Hausa. Shi ya sa mahauci kan gane takensa tun daga nesa, kuma a kan wannan murya Mamman Shata ya ɗora waƙoƙinsa har rasuwarsa a 1999.

Injiniyoyi ma sun daɗe da gano ribar irin wannan aure. Ɗan "ƙyas" ɗin da dutsen guga na lantarki ke yi in ya yi zafi, ƙarafa biyu ne da aka manne baya da baya. Ɗaya ya fi ɗaya miƙewa a zafi, sai sillen ya lanƙwashe ya yanke wuta, in ya huce ya koma. Ana danganta dabarar ga John Harrison, Baturen Ingila da ya fara da kafinta, wanda ya sa ta a agogon jirgin ruwa da ya kammala a 1759. A 2013 kuma Skylar Tibbits na jami'ar MIT a Amurka ya nuna wani zare da na'ura ta buga da roba iri biyu, mai tauri da mai kumbura a ruwa. Ana tsoma shi sai ya naɗe kansa ya ɗauki siffar da aka tsara masa.

Injiniyoyin zamani da kwamfuta suke lissafin yadda abin zai lanƙwashe. Mai haɗa kalangu kuwa sai ya jira fata ta bushe, ya ɗauko, ya danna da yatsa, ya buga sau biyu ko uku. In bai ji abin da yake so ba, ya kwance tsarkiyar ya sake.