Mudu Biyu a Gidan Labarai

Ya kai mai karatu, ka san ɗan kasuwar da yake ajiye mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Shari'ar Musa ta haramta wannan a Maimaitawar Shari'a 25:13-16. To, ba hatsi kaɗai ake aunawa haka ba. Har mutuncin mutane ana auna shi, kuma a zamaninmu mudun yana hannun 'yan jarida.

Dubi abin da ya faru a BBC, gidan da Hausawa suke sauraron sashensa na Hausa tun 1957. Jimmy Savile ya yi shekaru da dama yana gabatar da shirye-shirye a can, har Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma a 1990. Da ya rasu a watan Oktoba na 2011, ma'aikatan shirin Newsnight suka tattara shaidar matan da suka ce ya lalata su tun suna yara. Sai aka jingine binciken a watan Disamba, aka watsa shirye-shiryen yabonsa a lokacin Kirsimeti. Tashar ITV ce ta fasa ƙwai a watan Oktoba na 2012, daga nan mutane wajen 450 suka kai ƙararsa ga 'yan sanda.

Wata guda bayan haka, shirin nan na Newsnight ya yi gaggawar watsa zargin lalata yara a kan wani tsohon jigon siyasa. Ba a faɗi sunansa ba, amma a intanet aka nuna Lord McAlpine, alhali kuwa ba shi da laifi. BBC ta biya shi diyyar fam 185,000, shugabanta George Entwistle kuma ya sauka bayan kwana 54 kacal a kan kujera. Ka ga mudu biyu ke nan: shaida mai yawa ba ta isa a taɓa ɗan gida ba, zato kaɗan ya isa a ɓata sunan bare.

Kada ka ɗauka sai an zauna an ƙulla makirci ake yin haka. Binciken da tsohuwar mai shari'a Janet Smith ta fitar a 2016 ya nuna cewa ƙananan ma'aikata sun ji tsoron kai ƙarar taurarin gidan. Tsoron babba da son na gida sun isa su karkatar da ma'auni ba tare da kowa ya ba da umarni ba.

Wannan ciwo tsoho ne. A Yahaya 8, malaman Attaura da Farisiyawa sun kawo wa Yesu macen da aka kama tana zina. Ina namijin? Littafin Firistoci 20:10 ya ɗora hukunci a kan su biyun. Zargin ba ƙarya ba ne, amma rabin gaskiya suka kawo, domin ba tsarki suke nema ba, tarko suka ɗana.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu ma a ikilisiya muna da namu mudun. Tun Ravi Zacharias, mashahurin mai wa'azi, yana da rai aka zarge shi, masoyansa suka kare shi. Sai a 2021, bayan rasuwarsa, binciken da ƙungiyarsa ta sa aka yi ya tabbatar ya ci zarafin mata. Wanda ya tona irin wannan ba maƙiyinmu ba ne. Aikin annabi Natan ya yi, wanda ya tsaya gaban Dawuda, sarkin da yake yi wa hidima, ya faɗa masa laifinsa.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ka ji an tona asirin wani babba, tambayi kanka wa aka bari a ɓoye. Kafin ka yaɗa labarin a Facebook, tambayi zuciyarka ko za ka yaɗa shi da a ce faston ku ne, ko ɗan jam'iyyarka. Ubangiji ya ba mu mudu ɗaya, ya kuma sa mu fara auna kanmu da shi. Amin.