Sunan «Bawa» a ƙasar Madarunfa: sharhi kan fassarar suna kai-tsaye

1. Gabatarwa

A gundumar Madarunfa, kudu da Maraɗi, ana samun sunan Bawa, wanda takardun haihuwa ke rubutawa Baoua bisa ƙa'idar Faransanci. Mai nazarin da ya buɗe ƙamus zai ga «esclave», sai ya ɗauka mai sunan jinin bayi ne. Muna ganin wannan hanya kuskure ce, kuma tana da illa: ko da yake dokar Nijar ta mai da bauta laifi tun 2003, gorin asali na hana aure har gobe.

2. Hujjar harshe

Sunan gama-gari bawa yana ƙarewa da dogon wasali, sunan mutum kuwa da gajere, kamar baƙo da Baƙo, ango da Ango. Paul Newman ya bayyana wannan ƙa'ida a nahawunsa na 2000. Rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, shi ya sa ido ke haɗa abin da kunne ya raba. Haka kuma bai kamata a gwama Bawa da Bawo ɗan Bayajida ba, domin kamar sauti ba ta zama hujjar asali.

3. Tushe biyu

Na farko al'adar wabi ce. Matar da ƴaƴanta ke mutuwa suna ƙanana takan raɗa wa na baya sunan ƙasƙanci, don mutuwa ta raina shi ta wuce. Nan Bawa ke zama ɗan'uwan Ajuji, wanda aka danganta da juji. Sunan yana nuna tsananin so ne, ba ƙasƙancin gida ba.

Na biyu Musulunci ne. Abdullahi na nufin bawan Allah. Matar da kunya ta hana ta ambaci sunan surukinta ko na ɗan farinta takan sakaya shi ta ce Bawa.

4. Hujjar tarihi

Bawa Jan Gwarzo, Sarkin Gobir a Alƙalawa, ɗan Sarki Babari ne, kuma shi ne ya gana da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Magami wajen 1788. Ba mai kiran sa bawa. Su kuwa manyan bayin fadar Kano na ƙarni na 19 da farkon na 20, sunayensu irin su Barka ne da Allah Bar Sarki, wato addu'a ga ubangida. Ke nan wanda aka mallaka ba safai ake buƙatar raɗa masa Bawa ba.

Ana iya kwatantawa da Lituwaniya. Bayan ƙasar ta karɓi Kiristanci a 1387, sunayen waliyyan coci suka danne na gargajiya, sai a ƙarni na 20 kishin ƙasa ya farfaɗo da irin su Vytautas. A wajenmu tsohon suna bai ɓace ba: ya koma laƙabi, ya kuma sami sabuwar ma'ana daga addini.

5. Kammalawa

Takarda ba ta faɗin ko wannan Baoua ɗan wabi ne ko Abdullahi. Don haka muna shawartar ɗalibanmu masu bincike a Madarunfa su riƙa tambayar tsofaffin mata abu uku: sunan yanka, yawan yayyen da suka rasu, da wanda aka yi wa takwara. Bayan haka ne fassara za ta halatta.