Auduga da Attajiri: Nazarin Fim ɗin The Little Foxes

Wannan takarda za ta duba fim ɗin da William Wyler ya shirya a Amurka a shekarar 1941, daga wasan kwaikwayon Lillian Hellman na 1939. Labarin ya faru a kudancin Amurka wajen shekarar 1900. Regina Giddens da 'yan'uwanta maza biyu, Ben da Oscar Hubbard, sun ƙulla da wani attajirin Chicago su kafa masaƙa a tsakiyar gonakin auduga, inda lada yake da araha. Mijin Regina, Horace, ya hana kuɗinsa shiga cinikin.

Manazarta sun fi yaba wurin mutuwar Horace, kuma ya cancanci yabo. Ciwon zuciya ya taso masa, kwalbar maganinsa ta fashe, Regina kuwa ta ƙi motsawa daga kujera. Mai ɗaukar hoto, Gregg Toland, ya tsaida ido a kan fuskar Bette Davis, ya bar mijin yana rarrafen matakala a baya, dishi-dishi. Ba a taɓa kowa ba, amma an yi kisa.

To, sai dai mai kallo daga Funtuwa ko Malumfashi zai tambayi wani abu dabam: ina manomin? Mutanen wannan yanki sun san auduga tun daga huɗa har gidan gurza na kamfanin BCGA, wanda aka kafa a Manchester a 1902 domin ciyar da masaƙun Ingila. Sun san yadda Hukumar Auduga takan yanke farashi manomi ba ya wurin, har aka rushe ta a 1986. Ga wanda ya taɓa tsayawa a gaban sikeli yana jiran a faɗa masa darajar guminsa, zaluncin gidan Hubbard ba a kan matakala ya fara ba. Fim ɗin ya kulle kansa a falo. Baƙaƙen fatar da ke ciki, Addie da Cal, barorin gida ne, masu tsinkar audugar kuwa ba a ba su baki ba. A ganina wannan rauni ne babba, domin ya mai da cutar jama'a ta koma rikicin gado tsakanin 'yan gida ɗaya, har mai kallo ya fi jin tausayin Horace, wanda shi ma mai banki ne.